Shanun Yaya Kiyari a cikin ordinater

Duk wanda ya shiga biron proje, wato ofishin aikin rijiyoyi, a Gure ya san Yaya Kiyari, sakatarenmu, ba ya kunna ordinater, na'urar nan mai ƙwaƙwalwa, sai ya gaishe ta. Da azahar kuma ya lulluɓe ta da tsohon rawaninsa, wai ta yi ƙailula. Ko shef, shugabanmu, ne ya zo da aikin gaggawa, sai dai ya jira la'asar.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne sunayen dosiye, wato takardun da ake ajewa a cikin na'urar. Mutumin nan ɗan makiyaya ne, sai ya riƙa sa musu sunayen shanun ubansa. Babban lissafin rijiyoyin Alakos sunansa KYALLA da manyan baƙaƙe, ita ce uwa. Ɗan ƙarin da aka samu a wata kuwa kyalla da ƙanana, maraƙinta. Na'urarmu tana bambanta su, shi ya sa ya samu bakin magana. Na ce ya rubuta "Alakos" kamar kowa. Ya ce, "Isufu, kai ka taɓa kiran saniya da sunan gari ta zo?"

Ranar da zan kai lissafin zuwa Damagaram don a amince da sabbin rijiyoyi, ya ce in ɗauki disket biyu, faifan kwafe aiki, uwa daban, maraƙi daban, don na'urorin can ba su san babba da ƙarami ba. Na gaji da shirmensa. Yana fita alwala na tura su cikin ɗaya. A Damagaram aka buɗe, sai layi shida kawai. Ƙaramin ya hau kan babban ya shafe shi. Wa'adi ya wuce, mutanen Alakos suka ƙara shekara suna jan ruwa daga nesa.

Da shef ya tambaya, na ce haka Kiyari ya ba ni. Aka mayar da shi magaza, ɗakin ajiyar kaya, yana ƙirga siminti. Bai tona ni ba. Abin da kawai yake yi, in mun haɗu a masallaci, ya riƙe hannuna ya ce, "Ƙanena, ina labarin Kyalla?" Shekara tara yana yi mini haka, ni kuma ina jin haushi, na kasa cewa ya yafe mini.

Yau da muka taru zaman makokinsa, na faɗa a gabanku, ni ne. Allah Ya jiƙan Yaya Kiyari, Ya haskaka kabarinsa, ni kuma Ya yafe mini hakkinsa da na mutanen Alakos.