Safiyar da Na Gasa Motata

Ko na tsufa tukuf ba zan manta da safiyar da na gasa motata da hannuna ba, a gaban surukina.

Lokacin ina koyarwa a Kusada, na sayi wata tsohuwar mota, daga ranar kuma na fara jin kaina injiniya. Damuwata ɗaya ce: in ana sanyi sai na bar ta a kunne kusan rabin awa tana kwankwaɗar fetur, wai tana ɗumama. Wani direba a majalisarmu, wanda bai taɓa cewa bai san abu ba, ya ce mani, "Ai Malam, sanyi ke sa inji haɗama. Tura mata kaskon garwashi ƙarƙashi. In ta ji ɗumi, ko cokali ba ta sha." Har godiya na yi mashi. Ni fa da ke koyar da 'ya'yan mutane kimiyya!

Ranar da zan kai surukina asibiti Kankiya a duba mashi ido, na ɗauki kaskon matata. Ta ce, "Malam, motar jego take yi?" Na ce ta bar abin da ya fi ƙarfinta. Na tura kaskon, na koma ciki shan kunu. Tsohon ya iso daga Kaikai tun da sassafe, yana zaune bisa tabarma a ƙofar gida.

Shi ya fara jin warin. "Wa ke ƙona roba?" Kafin in fito hayaƙi ya turnuƙe. Ashe tiyon mai na ɗiga. Maƙwabta suka yi ta watsa ƙasa, direban nan na ba da umarni daga nesa. An kashe wutar, amma wayoyi duk sun narke.

A bayan babur aka kai tsohon, ya tarar an gama ba da kati, sai wani mako. Bai yi mani faɗa ba. "Allah shi ƙara ilimi," kawai ya ce. Da ma marina ya yi.

Bakanike sai da ya share hawayen dariya kafin ya yi magana. "Malam, kunna ta, ka ba ta minti guda, ka ja a hankali. Tafiya ke ɗumama inji. Fulogi da baƙin mai kuma a canza kan lokaci. Shi ke nan fa."

A nan na gane tambayar mai sana'a kyauta ce kafin ɓarna. Bayan ɓarna kuwa, har dariyar da ya yi maka sai ka biya.