Yadda Lasar Buroshi Ta Cinye Mini Hannun Dama

A lokacin da abin nan ya faru, ni ne mai zanen bayan mota da direbobin Kaura Namoda ke bin layi a ƙofar rumfarsa. Ina da ƙuruciya, ina da hannu, kuma gaskiya ina da girman kai. In na zana mikiya a bodin babbar mota, sai ka ƙirga gashin fikafikanta ɗaya bayan ɗaya. Sirrin siririn layin nan kuwa ba wani abu ba ne, kafin in ja shi nakan sa bakin buroshi a leɓena in murza har ya yi tsini. Da fentin da komai nake yi. Garin kala kuma a kasuwa nake aunowa, ja da rawaya, marar suna marar kwali, in kwaɓa da yatsa, in goge hannu da fetur in ci tuwona.

Ciwon ciki ya fara zuwa, mai murɗa kamar ana matse wanki. Sai mantuwa, sai faɗa ba dalili, har maiɗakina ta ce in na shigo gida yara kan nemi bayan ƙofa. Na ce gajiya ce. Ranar wata kasuwar Shinkafi ina bisa tsani a bayan motar wani direba, buroshi ya faɗi ƙasa. Na sauka na ɗauka, ya sake faɗuwa. Da na duba sai na ga hannuna na dama ya lanƙwashe daga wuyansa yana lilo. Na ce masa tashi, ya ƙi. Direban yana ta wasa, wai ko kuɗin ne bai ishe ni ba, ni kuwa gumi ya jiƙa mini riga, don ba zafi ba ƙaiƙayi, hannun dai ya daina jin maganata.

Nan take na ce jifa ne. Har na sa wa wani abokin sana'a ido, na daina amsa sallamarsa. Na sha rubutu, na yi turare, an ɗaure mini hannu da ganye, damina ta wuce ba sauyi. Ƙanena ne ya gaji ya ɗora ni a babur zuwa asibiti. Likitan ya tambayi aikina, sannan ya miƙo mini wani ɗan buroshi ya ce in nuna masa yadda nake yi. Na karɓa da hagu, ban ma sani ba na kai shi baki. Sai ya riƙe mini hannu. Ya kawo madubi ya ce in ɗaga leɓe, na ga wani layi shuɗi-baƙi ya bi gindin haƙorana. Bayan gwajin jini ya ce gubar dalma ce, tana cikin irin kalar da nake lasa, ta taru ta kashe jijiyar da ke ɗaga hannu. Ina ta neman maƙiyi a gari, ashe da bakina na sha abin.

An ba ni magani, cikin ya lafa, amma hannun bai dawo ba. Na yi watanni ina kallon bango. Maiɗakina ce ta yanko robar tayar babur, ta sa ɗan katako ta miƙar da wuyan hannun, ta ɗaure buroshi a kai, ta ce in gwada ko da bangon kicin ne. Na yi kuka ranar, don abin da na zana ko yaro ba zai yarda bishiyar dabino ce ba. A hankali na koyi ja daga kafaɗa. Siririn layi ya tafi har abada, sai na koma manyan zane, duwatsu, rana, shanu daga nesa, da fentin gwangwani mai takardar kamfani. Wasu direbobin sun gudu, wasu sun ce wannan ya fi fitowa daga nesa.

Da na ɗan samu kaina, na je Zurmi in gaya wa dattijon da ya koya mini aiki. Na tarar da shi a zaure, hannuwansa biyu a kan cinya suna lilo irin nawa, jikarsa ke ba shi fura a baki. Shekaru muna cewa tsufa ne. Ya dubi robar hannuna, ya ce in yafe masa, shi ma haka aka koya masa.

Abin da na koya shi ne, ba duk abin da ka gada a sana'a ne alheri ba, kuma ciwon da ka raina a ciki yana iya ƙarewa a hannu. Masu fenti, don Allah ku raba buroshi da baki, ku bar kalar awo, ku wanke hannu da sabulu kafin abinci, in ciki ya dame ku ku je a duba jini. Na bi waɗanda na koya wa aiki ina faɗa musu haka. Ɗaya da na tarar a teburin mai shayi ya yi dariya, ya ce maigida tsoro ya kama shi. Da mai shayi ya miƙo masa kofi, na ga da hagu ya karɓa.