Jawabin da Mutawakil Bai Yi Ba

Shekara ashirin da biyu ina matar Mutawakil a wasan kwaikwayo, ko ɗankwali bai taɓa sayo mini ba. Ta gidansa daban take, baiwar Allah mai haƙuri. Ni tawa ita ce in zage shi a bainar jama'a a yi tafi.

Mai gyaran keke ne a unguwar Kaladan, siriri, da murya kamar ta mai shelar gari. Ticha Andani, shugaban ƙungiyarmu, shi ya tsinto shi yana kwaikwayon tafiyar wani ɗan sanda a bakin shago. Lokacin ƙungiyoyin agaji na ɗaukar mu a mota zuwa ƙauyuka mu yi wasa kan kurkunu da kwalara da gidan sauro. Kullum shi ne maigida mai taurin kai da ya ƙi tace ruwa, kullum kuma shi ke ƙarewa a ƙasa yana birgima.

Ba ma rubuta wasa. Ticha zai ba da labari da baki, kowa ya nemi maganarsa. Doka ɗaya muke da ita: duk wanda ya yi maka magana daga cikin taro, ka amsa masa. A ƙauye tsoho ba ya gaishe ka ka yi banza da shi don wai kana cikin wasa. A nan Mutawakil ya fi kowa, har mukan manta namu mu tsaya kallonsa.

Sai kurkunu ya tafi, alhamdu lillahi, ya kuma tafi da aikinmu. Masu agaji suka koma rediyo da bidiyon waya. Mu goma sha huɗu muka dawo mu biyar.

Shekara uku da suka wuce aka sanar da gasar wasanni ta yanki, wanda ya ci za a kai shi Accra. Ticha ya ce in ba mu ci ba ya rufe ƙungiya, ya gaji. Sharaɗinsu minti ashirin, kuma a bi takarda kalma bayan kalma. Ya rubuta mana labarin manomin da ɗansa ya mutu a hanyar neman aiki a kudu, ya ba Mutawakil uban. Karon farko ke nan da aka ba shi abin da ba na dariya ba. Ba ya karatun boko, don haka wata uku ina karanta masa jawabin ƙarshe yana maimaitawa, hannunsa duk baƙin mai. Ni zan yi masa tambaya ɗaya, shi ya amsa da jawabin. Ranar da ya haddace shi, na koma bayan shago na yi kuka.

Ran gasa zauren ya cika. Muna minti na goma sha uku, an kawo labarin mutuwar ɗan, Mutawakil ya zauna a tabarma ya sunkuyar da kai. Sai wata tsohuwa ta taso daga layi na uku, ta zo bakin dandamali ta durƙusa, ta fara yi masa gaisuwar mutuwa da harshen Dagbani. Na yi masa ido, na ja gefen rigarsa. Ina! Ya sauko ya tsuguna a gabanta yana amsawa, "Naa, Mma, naa." Ta ce ita ma nata ɗan ya tafi Kumasi ne, ko gawarsa ba ta gani ba. Ya tambayi sunan yaron, ya tambayi wanda ya yi masa salla. Zauren ya yi tsit, ni kuwa idona na kan agogo. Yana cikin yi mata addu'a aka kaɗa ƙararrawa.

Alƙalai suka ce mun saki takarda, mun kuma ci lokaci. Na ji haushinsu, na fi jin haushinsa. A waje na ce, "Mba Mutawakil, ka kashe mu."

"Wasila, tsohuwa ya gaishe ni," in ji shi. "In yi yaya?"

Ticha ya cika alkawari. Yanzu yana Dungu yana kiwon zabi. Ni na koma rumfata a Changli ina sayar da gero da wake, Mutawakil kuma aikinsa ya ja baya, kekuna sun ragu, kowa ya koma babur. Babu wanda ya ƙara kiranmu wasa.

Makon jiya da hantsi Mutawakil ya zo rumfata, ya rame, muryar ta dushe. Ya jira masu saye suka watse, ya gyara tsayuwa ya ce, "Wasila, ba ni layinka na wasan nan. Ina so in faɗi jawabin sau ɗaya, ko kai kaɗai ka ji."

Na buɗe baki, babu komai. Na lalubi tambayar nan da na yi masa ya fi sau ɗari, ko kalmar farko ban samu ba. Ya tsaya yana jira, leɓensa na motsi. Da ya ga shirun ya yi yawa, ya ce ba komai, in auna masa gero kwano ɗaya.