Malam Munzali da Haƙoran Ladaninmu

Shekara talatin da ɗaya, ƙarfe bakwai da rabi na safe a ɗakin aiki take yi wa Malam Munzali, wani ɗan ƙurƙutun ɗaki a bayan wani asibitin haƙori mai zaman kansa a Haɗejiya. Zai jingine kekensa, ya kunna wutar narka kaki, ya kama jera haƙora ɗaya bayan ɗaya. Sana'arsa ƙera haƙoran roba ga waɗanda nasu suka zube kaf. Daga Kaugama, daga Kafin Hausa, tsofaffi nawa ne suka shiga ɗakin nan suna rufe baki da hannu, suka koma gida suna cin gasasshen kifi? Babu wanda ya rubuta.

Bara asibitin ya sayo na'urar ɗaukar hoton cikin baki. Wata 'yar ƙaramar sanda ce ake zagayawa da ita a cikin baki, sai siffar bakin ta fito a kwamfuta, a tura birni a ƙero haƙoran. Tun makon farko Malam Munzali ya faɗa wa mai asibitin, Dakta Abdulmannan: "Ranka ya daɗe, inda akwai haƙora na'urar nan ta fi ni ido. Amma bakin da babu ko ɗaya, ba ta da alamar kamawa. Dasashi nama ne, yana motsi. Ita a tsaye take ɗaukarsa." Likita ya yi murmushi, ya ce, "Baba, zamani ya wuce kwaɓa farar ƙasa don fitar da siffar baki." Aka mai da shi mai goge abin da aka ƙero daga nesa.

A lokacin ne na kai kawuna Shu'ibu a babur. Shi ne ladanin masallacin unguwarmu a Auyo. Aka ɗauki hoton bakinsa, bayan mako uku haƙora suka iso, farare tas. Ranar da ya fara kiran sallar La'asar da su, yana buɗe baki na sama suka suɓuce, lasifika ta kai ƙarar har fadamar shinkafa. An yi dariya. Kawu ya sauko bai ƙarasa ba. Wata biyu bai sake kiran salla ba, ko majalisa ya daina fita. Sau biyu muna komawa, ana cewa bakinsa ne bai saba ba.

A komawa ta uku Malam Munzali ya tare mu a ƙofa. Ya nemi izinin likita, aka ce masa, "Je ka gwada, in ka matsu." Ya cika wani ɗan faranti da wani kwaɓi mai laushi na ɗaukar siffar baki, ya ɗora a dasashin Kawu, ya ce, "Malam, kira salla."

Kawu ya zaro ido, ya yi nuni da bakinsa da ke cike.

"A hakan. Yadda kake yi a masallaci. So nake leɓenka da kumatunka su gaya mini inda haƙoran za su tsaya."

Kawu ya kira, miyau na zuba, hawaye na zuba. Kwana tara bayan nan, da sababbin haƙoran da Malam Munzali ya ƙera masa da hannu, ya tsaya gaban lasifika, ya kai kiran har ƙarshe.

Kai ne ka mayar wa unguwarmu muryarta, Malam, mai hannun da ke jin abin da ido bai gani. To, me ka samu? An ɗauki hoton Kawu yana murmushi an liƙa a bangon asibiti, a ƙarƙashinsa an rubuta wai aikin sabuwar na'ura ne. Wata shida kana wucewa ta gaban hoton nan, ka je ka ci gaba da aikinka. Ranar da ka yi ritaya, a watan jiya, ko taron minti biyar ba a yi maka ba. Ɗakinka ya zama ma'ajiyar kwalaye.

Ba da na'ura muke faɗa ba. Kai ma ba ka taɓa zaginta ba, iyakarta kawai ka faɗa, aka ƙi ji don ba ka da digiri.

Mun gode, Malam Munzali. Allah ya saka maka, tun da mutane sun kasa. Ku kuma masu tasowa a wannan aiki, ku riƙe na'urarku, amma ku koyi duba bakin mutum yana magana, yana tauna, kamar yadda ya yi. Yana nan gida, lafiyarsa ƙalau, kuma ba ya rowar abin da ya sani. Ku je ku tambaye shi yanzu. Kada ku jira ranar da abin da zai rage muku shi ne rubuta "Allah ya jiƙansa" a waya.