Ranar da Gurmin Tsoho Ya Hau Kiɗan Zayar

Abubuwa da yawa sun faru da ni a rayuwa na manta su, wasu ma sai an tuna mini in yi ta mamaki. Amma la'asar ɗin bikin ƙanwata a Cadawa, ko da tsufa zai kwashe mini komai, ban jin zai iya ɗaukar ta.

A shekarun nan ne da aka fara buɗe jam'iyyu, kowa ya zama ɗan siyasa, rediyo ba ya rabuwa da kunnen mutane. Ni kuwa sabon mushe ne, wato malamin makarantar boko, ban fi shekara biyu da fara koyarwa a lakol ba, kuma ina ji da kaina ƙwarai. Duk abin da aka ce na gargajiya ne, a wurina ya kamata ya tattara ya bi tsohon mulki. Mahaifinmu ya rasu tun ina karatu, saboda haka da auren ƙanwata ya taso bayan kaka, hidimar duk ta faɗo kaina. Angon tela ne a Agiye, sun daɗe suna son juna, gida biyu kowa na murna.

Abokan ango suka ce bikin zamani za a yi, su za su kawo sono. Ga wanda bai riski lokacin ba, sono rediyon kaset ne mai baki biyu da ake haɗawa da manyan amsa-kuwwa da batirin mota, in aka sake shi har ƙauyen gaba sai an ji. Na yi murna da wannan magana fiye da su ma. Mai sonon kuwa mai gyaran rediyo ne a bakin tashar Agiye, mutum mai kimanin shekara arba'in, ya yi zaman Abijan da daɗewa kafin ya dawo gida. Ba shi da yawan magana, in ka gaishe shi sai ya amsa a taƙaice ya mai da kansa kan aikinsa.

Sai dai gidanmu muna da makaɗi. Wani tsoho ne mai gurmi daga wani ƙauye wajen Gazawa, shi ya yi kiɗi a auren mahaifina, shi ya yi a sunana, ba a taɓa wani sha'ani a gidanmu ba tare da shi ba. Ni ne na rarraba goron gayyata, kuma da gangan na ƙi aika masa. Na ce a raina, me ƙwarya da tsirkiya biyu za su yi a gaban sono? Yau in na tuna wannan tunanin kunya nake ji, amma gaskiya ita ce haka na yi.

An ɗaura aure da hantsi, aka ci aka sha. Bayan la'asar mai sono ya jera kayansa ƙarƙashin itacen bedin da ke ƙofar gidanmu, ya saki kiɗan Zayar, wanda a lokacin shi ake yayi. Samari da ƴan mata suka cika fili. Ina tsaye ina jin daɗin yadda biki ya ƙayatar, sai na hango amalanken jaki ya tsaya, tsohon nan ya sauko a hankali, gurminsa cikin jakar fata a rataye. Ashe a kasuwa ya ji labari. Ya gaisa da dattawa, ya nemi gefen tabarma ya zauna, ya zaro gurmi ya fara kaɗawa.

Ba wanda ya ji shi. Ina kallon yatsunsa suna motsi, bakinsa yana buɗewa yana rufewa, amma sono ya haɗiye komai. Maimakon tausayi ya kama ni, sai na ji kamar ya zo ya ɓata mini tsari. Na je na durƙusa, na miƙa masa goro, na ce, "Baba, sannu da hanya. Ku shiga zaure ku ci abinci ku huta, yau yara ne ke da fili. Kun san zamani ya canza."

Ya dube ni ya ce, "Mushe, ba cin tuwo ya kawo ni ba. Ranar sunan yarinyar ga ubanka ya kama hannuna yac ce in Allah Ya kai mu, ni zan raka ta ɗakinta da gurmi. Shi ya tahi, ni ina nan. Amma tunda gida naka na yanzu, shi kenan." Ya fara mai da gurmi cikin jaka.

Ban san wanda ya kai maganar cikin gida ba. Sai dai na ga kakarmu, mahaifiyar babanmu, ta fito bakin zaure tana dogara sanda, abin da ta yi shekaru ba ta yi ba a cikin taron maza. Ta ɗaga murya ta ce, "In mutumin ga ya bar ƙohwar gidan ga bai kaɗa ba, amarya ba ta hita yau. Ku gaya ma masu mota su koma."

Nan fa wuri ya rikice. Abokan ango suka ce ba su ɗauko sono tun daga Agiye don a kashe shi a saurari ƙwarya ba. Dattawan gidanmu suka ce ai ba a gidan marasa asali suka zo neman aure ba. Wani saurayi har da cewa yanzu demokaradiyya ake, a ɗaga hannu a ƙirga, wani kawuna ya ce in ya sake faɗin haka zai nuna masa demokaradiyya da sanda. Ango ya sunkuyar da kai. Daga ciki aka aiko mini cewa ƙanwata tana kuka. Ni da na haddasa komai ina tsakiya gumi yana zubo mini, na kasa cewa a kashe, na kasa cewa a bari.

Sai kawai kiɗa ya tsaya. Mai sono ne ya kashe da kansa. Ya ratso cikin mutane har inda tsohon yake, ya cire takalmansa, ya tsuguna a gabansa ya ce, "Baba, don Allah a kaɗa mani in ji. Yadda kunka saba, kada ku canza komi."

Tsoho ya dube shi da alamar rashin yarda, kamar yana zaton ba'a ce. Da ya ga mutumin bai motsa ba, sai ya sake zaro gurmi ya fara. Mai sono ya rufe ido, yana buga gwiwarsa da yatsa biyu, ya daɗe a haka har mutane suka fara gunaguni. Sannan ya miƙe ya koma wajen kwalin kasusuwansa, ya ɗauki wannan ya ajiye, ya ɗauki wancan ya duba ya ajiye, har ya zaro guda biyu. Daga baya na gane waƙa ɗaya ce a kan duka biyun. Ya tura kaset gaba har ya kai inda mawaƙan ke yin shiru a bar ganguna da jita kawai, ya sake shi a hankali, ya yi wa tsoho alama ya ci gaba.

Abin bai yi daɗi ba ko kaɗan. Kiɗan Zayar yana gudu, gurmi yana tafiyar dattawa, kowa da hanyarsa. Samari suka fashe da dariya, wani ya ce, "Yau ga haɗin gambiza!" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, don na ɗauka an ƙara wa tsohon wulaƙanci a kan wanda na yi masa.

Mai sono ko a jikinsa. Ya juya rediyon, ya buɗe bayansa da turnabis, abin kwance ƙusa, ya zura shi cikin wani ɗan rami a jikin injin da ke juya kaset, ya fara murɗawa kaɗan-kaɗan, kunnensa yana wajen gurmi. Muna ji kiɗan ya fara rage gudu, ya yi nauyi, kamar raƙumin da aka ja wa akala. Ya rage ƙarar jitar nan mai tsini, ya bar ganga da jita mai kaurin murya a ƙasa. Sannan ya ɗauko mikiro, wato makirfo, ya ɗaura a ƙafar kujera daidai cikin gurmin.

Tsoho ya dakata, ya karkatar da kai yana saurare. Sai ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ka sabko ƙwarai. Bari ni ma in taka in tarbe ka." Ya kama zoben fatar da ke riƙe tsirkiya a wuyan gurmi, ya matsa shi sama kaɗan, ya gwada, ya ƙara matsawa, ya sake gwadawa. Daga nan ya jira ganga ta zagayo, ya faɗa ciki.

Na sha ƙoƙarin kwatanta wa ƴaƴana abin da muka ji a wannan lokacin, ban taɓa gamsuwa da kwatancena ba. Gangar mutanen da ba su taɓa jin sunan Cadawa ba ta zama kamar don gurmin nan aka yi ta. Tana ƙasa tana tafe, shi yana sama yana yawo, in ya bar gurbi ta cike, in ta numfasa ya shiga. Dariya ta ɗauke ɗif. Da wurin gangunan ya kusa ƙarewa a kaset na farko, mai sono ya saki na biyu daidai kan bugu, ya zare na farkon ya zura bik, wato biro, a raminsa yana juya shi baya da hannu. Haka ya yi ta yi, wannan na ƙarewa wancan na kamawa, ba ka jin inda aka yi mahaɗi. Gumi har yana ɗiga daga haɓarsa.

Sai tsoho ya buɗe baki. Ya faro daga kakanmu da ya zo daga kudu ya sari daji, ya ambaci rijiyar da ya gina wadda har makiyaya ke shayarwa a cikinta, ya gangaro kan mahaifinmu da gonar gyaɗarsa. Mata suka ɓarke da guɗa. Samarin da ke dariya ɗazu suka koma fili suna rawarsu ta Zayar, tsofaffin mata suka shigo suna tasu rawar ta sunkuyo da gyale a hannu, matan ruga da suka kawo gudummawar nono suka ajiye ƙwarya suka shiga. Kowa da irin takunsa, amma ƙafa tana sauka lokaci ɗaya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lokacin da tsohon ya iso kan rasuwar mahaifinmu. Muryarsa ta yi ƙasa. Ba wanda ya yi wa mai sono alama, bai ma san mahaifinmu ba, amma sai ya janye kaset ɗin gaba ɗaya, ya bar gurmi da murya su kaɗai. Fili ya yi tsit, har kana jin karkarwar tsirkiya. Tsoho ya faɗi alkawarin ranar suna, ya ce ga shi ya zo ya cika. Na waiga na ga kakarmu ta jingina da bangon zaure tana share ido da bakin zane. Ni ma ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba, a gaban ɗalibaina da suka zo kallo. Da tsoho ya ɗago murya ya kira amarya da kirarinta, a daidai wannan bugun mai sono ya dawo da ganga da ƙarfinta. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Kakarmu ta jefar da sanda ta yi taku uku, aka riƙe ta ana dariya ana kuka.

Kafin magariba aka fito da amarya, tsoho yana biye da ita da gurminsa har bakin mota. Da motoci suka tashi na je na durƙusa na ba shi haƙuri. Bai ja maganar ba, ya dafa kaina ya ce ƙuruciya ce, ubana ma ya yi tasa. Abin da ya fi damunsa shi ne a kira masa mai sono su yi sallama. Ina ji yana tambayarsa ko mutanen nan masu ganga suna da sarkin kiɗa, a kai masa gaisuwa, don hannunsu yana da tsabta.

Bayan kwana biyu na je Agiye na sami mai sono a rumfarsa, na tambaye shi yadda aka yi ya san abin zai haɗu. Ya ce bai sani ba, gwadawa ya yi. Ashe ya daɗe yana irin wannan shi kaɗai in aiki ya yi sauƙi: ya ɗora sarewar makiyaya kan kiɗan rege, ya ɗora kalangu ƙarƙashin waƙar Indiya, mafi yawa su ƙi, jefi-jefi ɗaya ya kama. Ya ce, "Kowane kiɗi yana da inda yake numfashi, mushe. In ka saurara da kyau ka gano wurin, nan ɗan'uwansa zai shiga. In ba ka gano ba, hayaniya kawai ka tara." Na roƙe shi kaset ɗin ranar, ya girgiza kai ya ce ai bakin rediyon duka biyu suna aiki, babu inda za a ɗauka. Tsohon kuma bai ga kaka biyu bayan nan ba. Saboda haka wannan kiɗan babu shi ko'ina sai a kunnen waɗanda suka halarta, mu ma muna ta raguwa.

Yanzu yara suna irin wannan haɗin a cikin waya, su ɗauko goge su ɗora kan kiɗan Turawa cikin ɗan lokaci. Ina sauraro, kuma ba na rainawa. Wasu sun iya ƙwarai, wasu kuwa tarawa kawai suke, mai ƙarfi ya danne marar ƙarfi. Da na ji sakan kaɗan nake gane wanda ya saurari duka biyun kafin ya haɗa.

Abin da ranar nan ta koya mini ke nan. Ni na ɗauka dole sai ɗaya ya yi shiru kafin a ji ɗayan, dattawa ma haka suka ɗauka, samari ma haka, har muka kusa ɓata auren yarinya a kan haka. Mutum ɗaya ne a cikin taron ya tsuguna ya saurara. Tun daga lokacin, a lakol ne ko a gida ko wajen sulhu tsakanin manomi da makiyayi, in aka kawo mini mutum biyu aka ce ba sa haɗuwa, ba na saurin yarda. Nakan ce kowa ya faɗi tasa yadda ya saba, in yi shiru in ji har ƙarshe. Sau da yawa sai in tarar ba wanda ke bukatar a kore shi, wannan ya ɗan sauko ne, wancan ya ɗan taka ya tarbe shi.