Shekarar da Hutu Ya Saɓa da Tsaron Tsuntsu

A shekarar da mutane suka daina ɗaura takunkumi a kasuwar Karaye, bayan annobar korona ta lafa, na shuka shinkafa a fadamarmu ta Yammedi kamar yadda na saba. Ruwa ya sauka a kan lokaci, ƙasa ta sha, taki ma na samu gwargwadon hali. A farkonta babu abin da ya bambanta wannan damina da sauran.

Mu da muke da yara a makarantar boko, ba ruwan sama kaɗai muke dubawa ba in za mu shuka shinkafa, har da dogon hutu. Dalilin kuwa tsuntsu ne. Shinkafa in ta fitar da kai, ƙwayar tana fara cika da wani farin ruwa da muke kira nono, kuma a lokacin ne tsuntsun nan jan-baki yake sauka. Ba haɗiye ƙwayar yake yi ba, matse ta yake ya tsotse, ya bar maka kai a tsaye fari fat, babu nauyi. Daga fara nono zuwa ƙwaya ta yi tauri, dole a samu mai tsayawa a gona tun fitowar rana har faɗuwarta. Magidanci ba zai iya ba, domin a daidai lokacin ga masara, ga dawa, ga gyaɗa, duk suna jiran hannunsa. Aikin yara ne. Shi ya sa muke neman iri mai saurin nuna, mu shuka shi tare, yadda nonon zai faɗo a cikin hutu, kafin a koma makaranta kuma ƙwaya ta yi tauri. Waɗanda ba su da 'yan boko har tsokanarmu suke yi, suna kiranta shinkafar 'yan makaranta.

Gonaki biyar ne a jere a bakin fadamar, tawa ce ta tsakiya. Kowace tana da rumfa mai tsayi da aka kafa da itace, daga rumfar an ja igiyoyi zuwa kusurwoyin gona, an rataya gwangwanaye masu tsakuwa a ciki. Yaro yana sama, in ya hango tsuntsu ya fizgi igiya, ya yi ihu, ya wulla hoge da majaujawa. Nawa masu tsaron biyu ne: ɗan farina, wanda zai shiga ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare, da ƙanwarsa da take firamare. Shi yana rumfa, ita tana zagaya ƙasan gona wajen ruwa.

Shinkafa ta kai gwiwa lokacin da aka kira taron iyayen yara. Muka zauna a ƙarƙashin darbejiyar makaranta, hedimasta ya tashi ya yi sallama, ya tambayi gida da gona, sannan ya ce an sauya tsarin shekarar karatu. Watannin da aka rasa lokacin annoba ana so a cike su, saboda haka bana dogon hutu zai zama gajere, sabuwar shekara kuma za a fara ta da wuri. Da ya faɗi lokacin komawa, kowa a cikinmu ya yi lissafi a ransa.

Maƙwabcina na gona, wani dattijo da ya girme ni nake ce masa Yaya, shi ya fara magana.

"Allah ya gafarta Malam, mu dai mun ji. To shi tsuntsun an aika masa?"

Aka bushe da dariya, har da hedimasta.

"Baba, ni ma fa shinkafar gare ni," in ji shi. "Ba ni na tsara ba, turo mana aka yi."

"To ka roƙa mana arziki a ɗaga, ko na wata ɗaya."

"Na roƙa. An ce jiha guda ba za ta jira fadamar Yammedi ba."

Wani daga baya ya ce, "Ai gaskiya suka faɗa, shinkafar kanti suke ci."

Hedimasta ya bari dariya ta lafa, sannan ya ƙara da cewa duk yaron da bai zauna farkon zango ba zai maimaita aji, 'yan ajin ƙarshe kuma ba za a yi musu rajistar jarrabawa ba. Aka yi addu'a aka watse. A hanya mutum huɗun da gonakinsu suke jere da tawa suka ce su kam yaransu gona za su je, makaranta tana nan ba ta gudu.

Da na koma gida, uwar yara ta riga ta ji. Ta ajiye mini ruwa ta ce, "Malam, me aka yanke?"

Na ce ba a yanke komai ba, kowa da gidansa. Yaron yana bakin ƙofa, ya ce, "Baba, kowa fa gona zai tafi."

Abin da na duba shi ne tsayinsa. A watannin da aka rufe makarantu ya yi tsawo, murya ta fara buɗewa. Na ga samari irinsa da aka ce su maimaita aji, suka zauna da ƙannensu mako biyu uku, kunya ta kore su, yanzu suna tasha. Ni kaina sai da furfura ta fara fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci na yamma, na san yadda benci yake yi wa wanda ya makara. Na ce su biyun za su koma ranar da aka ce, tsaron kuma zan san yadda zan yi.

Na fara neman wanda zai tsaya mini. Ɗan ƙwadago bai samu ba, domin kowa nema yake. Na hau babur na je Beli wajen wan matata, ko zai ba ni aron ɗaya daga cikin yaransa. Na tarar shi ma abin da yake ciki ke nan. Muka ci tuwo, ya ba ni dunƙulen igiya da buhun gwangwanaye, ya rako ni bakin titi yana cewa, "In ka samu yaran haya a Karaye, ka aiko mini da biyu."

Na ƙara igiyoyi har gonar ta zama kamar saƙa. Na kafa mutum-mutumi uku da tsofaffin riguna. Ranar da aka koma makaranta, shinkafa ta fitar da kai gaba ɗaya, in ka matse ƙwaya nono ya fito a farce. Yarana suka sa kayan makaranta suka yi gabas, ni na yi yamma na hau rumfa.

Jan-baki ba ɗaya-ɗaya yake zuwa ba. Daga nesa za ka ga kamar hayaƙi ya taso daga kan itatuwan bakin ruwa, ya karkata, ya miƙe, sannan ya zubo. Gonaki biyu na damana da biyu na haguna duk cike suke da yara, wani gidan uku, wani huɗu, ihu da kaɗa gwangwani ba ƙaƙƙautawa. Tsuntsu in an kore shi daga dama ya tashi, an kore shi daga hagu ya tashi, sai ya sauka inda ya fi shiru. Babu wanda ya koro mini shi da gangan. Wajen saukar ne babu sai nawa. Kafin mako ya zagayo ya gane mutum-mutumin, har a kan hular ɗaya yake hutawa. Ya kuma gane cewa in ina rumfa babu kowa a ƙasan gona, in na sauka ƙasa babu kowa a rumfa.

Yaya ya leƙo wata rana da hantsi, ya tsaya a kan iyaka yana kallona ina fizgar igiya.

"Sannu da aiki, ɗan makaranta. Yaya tsaron?"

"Da godiya, Yaya."

"Ka ga tsuntsun gida biyar ka gada kai kaɗai. Ko zakka ba a fitar da ita haka."

"Allah ya ba mu ladan."

"Bar zancen lada. Ka ciro ɗaya mana, ko yarinyar. Firamare ce fa, me za ta rasa?"

Na ce zan duba. Da na faɗa a gida, uwar yara ta ce, "In za a cire a cire duka, in za a bari a bar duka. Ba zan iya kallon ɗaya yana sa takalmi ɗaya tana ɗaukar majaujawa ba." Ban sake tayar da maganar ba.

Yaran suna zuwa bayan an tashi, ko abinci ba sa tsayawa ci, Asabar da Lahadi kuma tun safe. Islamiyyar yamma suka ajiye ta, ni ma na ajiye ajina. Amma tsuntsu da safe ya fi yunwa, safiyar kuwa ta makaranta ce. Murya ta dushe mini, na koma dukan jarka da sanda. Masara tana can tana jiran taki na biyu, ciyawa ta rufe gyaɗa, ina sane, ba halin zuwa.

Ana cikin mako na biyu, wata safiya ina ƙasan gona sai na ji gwangwanaye sun kaɗa gaba ɗaya, da irin fizgar da ba tawa ba. Na ɗaga kai. Yaron ne a kan rumfa, da kayan makaranta a jikinsa, jakarsa a rataye a jikin itace. Yana ihu yana wulla hoge, yaran maƙwabta suna yi masa shewa. Tsuntsu ya tashi daga gonar duka, abin da ban gani ba tun da aka fara. Na tsaya na ɗan kalla, sannan na taka zuwa gindin rumfar.

"Sauko."

"Baba, yau ɗaya kawai."

"Sauko, na ce."

"Wallahi ba a komai da safe, sai share fili. Dubi can ƙasa, duk ya yi fari. Me za mu ci?"

"Ba kai ne mai ciyar da gidan ba."

Ya sauko yana share ido da hannun riga. Na san in na ce ya tafi shi kaɗai, zagayawa zai yi ya ɓuya a cikin dawa har a tashi, gobe kuma ya dawo. Babur yana gida. Na ɗauki jakarsa na miƙa masa, na sa shi gaba.

Yaya ya ɗago daga gonarsa ya ce, "Kai, gonar fa?"

Na ce, "A duba mini."

"Da wane idon? Nawa ma ba su ishe ni ba."

Daga fadama zuwa makaranta tafiya ce mai ɗan nisa. Mun tarar an rufe ƙofa ana tare 'yan makara, sai na nemi hedimasta. Ya fito muka gaisa, ya ji muryata, ya dubi ƙafafuna da taɓo, ya dubi yaron. Ya ce masa, "Wuce aji." Ni kuma ya ce, "Allah ya sa albarka, Malam. Tawa shinkafar ma jiya na je na gani, ba zan ƙara komawa ba."

Rana ta take lokacin da na dawo fadama. Tun daga nesa na ga gonar tana motsi, ba iska ba ce. Yaya ya ce sun kora sau biyu, ya fi ƙarfinsu. Na hau rumfa na fizgi igiya, suka tashi kamar an yaye bargo. Ƙasan gona gaba ɗaya da rabin tsakiya kawunan sun miƙe tsaye. Na ci gaba da tsaron abin da ya rage har ya yi tauri. Yaron bai sake zuwa da safe ba, kuma ya daɗe ba ya haɗa ido da ni. An yi masa rajista tare da 'yan ajinsu, ya zauna jarrabawa.

Da aka yanke shinkafa aka buga, matan da suka zo sheƙa sun fi tara ƙaiƙayi a kan ƙwaya. Maƙwabtana huɗu sun samu kusan yadda suka saba. Da suka gama suka mai da yaransu makaranta, aka ce su maimaita aji kamar yadda aka faɗa tun farko. Babu wanda ya yi rigima, daga su har makarantar. Da damina ta zagayo ba mu san yadda hutu zai faɗo ba, sai kowa ya zuba masara a fadamar, aka cire rumfunan aka yi itacen girki da su.

Gonar da take ba ni buhu goma sha ɗaya na shinkafa shanshera, uku ta bayar, na rasa takwas. Masara ta ragu da kusan rabi. Gyaɗa ko irin da na zuba ban mayar ba. Na sayar da tunkiya biyu kafin kaka ta gaba. Yarana sun rasa wata guda na Islamiyya, ni na rasa zango ɗaya a ajin yamma. A gidaje huɗun nan yara goma sha uku ne suka yi tsaro. Tara sun maimaita aji, huɗu ba su koma ba.