Daga Kano Zuwa Ƙofar Doka A Kan Keken Tsere

Alhamis: Zariya zuwa Kano

Ladanin unguwarmu bai gama gyaran murya ba na fita daga gida, da kuɗin mushen babur ɗina a ƙulle cikin lalita. Ina rubuta wannan ne saboda 'yan majalisar bakin ƙofa, waɗanda tun da na dawo kowannensu ke ba da labarin tafiyar kamar shi ya goya ni. To ga shi daga bakin mai ɗuwawun da ya sha wuyar.

Wanda bai san ni ba, sunana Sale. Aji shida na tsaya a boko, na tsufa ina ɗaukar fayil daga tebur zuwa tebur, har ranar da aka rage ma'aikata aka fara da ni. Tun daga nan ɗinkin hular mai ɗakina ke ciyar da mu. Sai surukina, Malam, ya ce akwai wani ɗalibinsa manaja a kamfanin iri da taki a hanyar Shika, suna neman mai kai saƙo da ke da abin hawa, ranar Litinin zai yi masa maganata. Tunda mai ya gagari kowa a shekarar, ya ce in nemi keke. Ya ƙara da cewa keken mutunci, ya maimaita sau biyu yana kallona. Ni da Malam mun daɗe muna zaman doya da manja, wai tun da na auri 'yarsa a tsaye nake gaishe shi kamar turken lantarki. Ni kuma a ganina rusunawar da na yi wa yaran ofis ta ishe ni har kabari.

Na taka a ƙafa ta Ƙofar Doka har Tudun Wada, na sami a-kori-kura ta kai ni Kwangila. Motar Kano ɗaya ce tak a tasha, bas mai cin mutum goma sha huɗu, aka ɗura mana ashirin da wani abu, ban da kaji. Ɗan kamasho ya ce kuɗin mota ya ninka saboda mai. Na tambaye shi ko kujerar ma ta ninka, ya ce in ban so in sauka, akwai masu so. Shinge uku muka wuce kafin Kura, a kowanne direba ya miƙa hannu ta taga suka gaisa da ɗan sanda, gaisuwar da ba a cewa komai. Da hantsi muka shiga Kano.

Kano: layin masu kekuna

A kasuwar Sabon Gari na faɗa rumfar wani Alhaji Garba, ƙato mai haƙorin Makka. Yana jin harshena ya juya ya ce wa maƙwabcinsa a ɓoye kaya masu kyau, ga Bazazzagi ya zo, ba saye zai yi ba, karatu zai yi musu. Na ce ai Bakano ko makara ya gani sai ya tambayi nawa aka taya. Muka yi dariya, ya ba ni benci.

Ya jero mini baƙaƙen kekunan nan masu nauyin jaki, irin na masu kai madara da limaman ƙauye. Irinsu na zo saye, Allah shaida. Amma can bayan rumfa na hango wani a rataye, gwanjo, shuɗi, siriri kamar yunwa, kansa a lanƙwashe ƙasa, tayoyinsa ba su fi kaurin babban yatsa ba. Keken tsere. Ina saurayi na yi tseren da ake shirya wa samari lokacin bukukuwa, a kan na aro, na zo na uku aka ba ni bokiti. Rabona da keke tun kafin a haifi babbar 'yata, wadda yanzu take da goyo. Na sa aka sauko da shi, na ɗaga shi da yatsu biyu, na tsaya a kansa na ga ƙarfen tsakiya bai taɓa inda bai kamata ba. Tsawona ne daidai. Na juya feda, sarƙa ta hau giya ɗaya bayan ɗaya ba gardama. Na tuna nisan Shika daga gidanmu, safe da yamma, kullum. Kuɗinsa ba zan faɗa ba, domin mai ɗakina tana da masu karanta mata takarda.

Bayan an gama ciniki Alhaji Garba ya ce sai a gyara mini shi irin na manya. Na ce me ya lalace? Ya ce:

"Haba Malam, da furfurarka za ka bi titi goshi a ƙasa, baya a sama kamar mai neman allura? Ko a Zariya ai da sauran masu kunya."

Nan take ya kwance kan keken ya juya shi sama, ya koma kamar ƙahon rago. Ya sauke sirdi har ƙasa, wai don ƙafata ta riƙa taɓa ƙasa in na tsaya gaisawa. Ya ɗaura ƙararrawa, ya ce wannan kyauta ce ga baƙo. Na san ɓarna yake yi, amma na ƙyale shi, don na ga in an kalle shi daga nesa, da ido irin na Malam, zai iya wucewa a matsayin keken mutunci.

A tashar Na'ibawa suka ce kuɗin keke daidai da na mutum, kuma a saman mota za a ɗaure shi, ƙarƙashin buhunan albasa. Na dubi wayoyin tayar, na dubi buhunan. Na ce wa kwandasta Allah ya ba su sa'a, na naɗe babbar riga na ɗaure ta a baya, na ɗaure ƙafar wando da tsohuwar roba, na hau.

Kano zuwa Kura

Mil biyun farko na ji ni ɗan shekara ashirin. Daga na uku shekaruna suka biyo ni suka kamo ni. Sirdin ya yi ƙasa ƙwarai, gwiwoyina suna tasowa har kusan haɓa, kowace juyawa kamar ana soka mini tsinke. Zama a miƙe kuma ya sa duk nauyina ya sauka a kan sirdin da bai fi wuƙar mahauci faɗi ba. Iska tana dukan ƙirjina tana mayar da ni Kano. Mafi muni, da aka juya kan, hannun birki ya koma yana kallon sama, sai ka murɗe wuyan hannu kafin ka kama shi. Gab da Kura wani jaki ya tsallako titi da kayan kara, kafin in lalubo birki na riga na shiga cikin karan. Mai jakin bai tambayi lafiyata ba, ya ce wa ya aike ni.

Na kwana a Kura, a zauren wani mai shayi da ya ji tausayina. Ya ba ni shayi da burodi da tabarma, ya ce da ya san zan zo da ya tara mutane, don ba kullum ake ganin dattijo a kan keken yara ba.

Juma'a: Kura zuwa Kwanar Ɗangora

Na tashi bayan asuba, gwiwa a kumbure. A shingen Ciromawa wani kofur ya tare ni ya ce ina rasit. Na nuna. Ya ce ina lambar keke. Na ce tun zamanin En'e rabon da in ga an tambayi lambar keke, shi lokacin ma yana tsumma. Ya zagaya keken, ya buga ƙararrawa sau biyu, ya ce to wannan babur ne ko keke, don bai ga inda ake ɗora kaya ba. Da ya ga ba abin da zai fito daga aljihuna sai goro, ya karɓi goron ya ce in tafi Allah ya sauwaƙe.

Rabin hanyar tura shi na yi. Na isa Kwanar Ɗangora ana fitowa daga masallaci, ko sallar ban samu ba. Na zauna a gindin wata bishiya na ci shinkafa da wake, na yi lissafin da ba na kuɗi ba. In na bar keken yadda Bakano ya mayar da shi, ba zan kai Zariya kafin Litinin ba, in ma na kai, ba gwiwar da zan je Shika da ita. In na mayar da shi yadda maƙerinsa ya yi shi, Malam zai gan ni a kai, aiki ya tafi. Sai dabara ta zo mini: in gyara shi a nan, in na kai Tudun Wada in sa a sake juya kan sama kafin in shiga birni. Har na yaba wa kaina.

Mai gyaran keke na garin ya tafi ɗaurin aure, sai wani bakaniken manyan motoci, Ustaz ake ce masa, ko don gemu. Na tsaya a kansa. Na sa ya ɗaga sirdi har sai da diddigena a kan feda ya sa ƙafata ta miƙe sak, yadda muke yi a da. Na sa ya daidaita hancin sirdin ya kwanta, ya mayar da kan ƙasa, birki ya dawo ƙarƙashin yatsu. Muka ba tayoyi iska har suka yi tauri kamar dutse. Duk wannan lafiya. Sai wajen ɗaure kusoshin kai, kafin in ankara ya zura sifana cikin wani dogon bututu ya taka da ƙafa, kamar yadda yake wa tayar tirela. Na ji ƙarfe ya yi ƙara. Ya ce yanzu ko jikokina ba za su ga ya kwance ba. A shagonsa na kwana, cikin warin baƙin mai.

Asabar: Kwanar Ɗangora zuwa gida

Ranar nan na san abin da na saya. Na kwanta a kan keken, iska ta bi ta bayana ta wuce, gwiwa ta yi shiru. Na wuce masu baƙaƙen kekuna kamar suna tsaye, na wuce layin motocin da suka kwana a gidan mai, direbobi na zaune a kan bonet suna kallona. Wani ya ɗaga murya ya ce Baba a sayar masa. Ban ko juya ba. A Tashar Yari na sha fura a kan keke, ƙafa ɗaya a ƙasa, don na lura in na ce zan miƙe, bayana yana da wata magana.

Bayan azahar na shigo Kwangila, na gangara Tudun Wada wurin wani mai gyara da na sani. Ya sa sifana, ta zame. Ya sa wata, ta zame. Ya duba ya ce wane azzalumi ne ya ɗaure wannan, kan kusar ya cinye, sai dai a kai wa masu walda ranar Litinin su yanke. Na ce Litinin ta yi nisa. Ya ce to in saya wani keken. A nan kuma na gane ko da kusar ta kwance, ni ba zan kwance ba. Bayana ya ƙage a lanƙwashe, wuya kaɗai ke motsi.

Hanyar gidanmu ɗaya ce, kuma ta ƙofar gidan Malam ta bi. Kowa ya san ƙa'ida a birni: mai keke in ya zo majalisar manya sai ya sauka, ya tura, ya gaisa, ya wuce tukuna ya hau. Na so in jira duhu a unguwar Tukur-Tukur, na ga in na tsaya jikina ya huce, sai dai a ɗauke ni a amalanke. Na shiga.

An idar da la'asar, Malam na kan buzunsa a ƙofar zaure, dattawa biyar kewaye da shi. Na kama birki a gabansu, na sa ƙafa ɗaya a ƙasa. Sauka ta gagara. Ga ni nan goshi kusan a kan ƙarfe, hula ta karkace, ƙafar wando ɗaure da roba, abin da Alhaji Garba ya ce kada a nuna wa jama'a yana kallon gabas. Daga nan ƙasa na ce Allah gafarta Malam, barka da yamma.

Ina ganin takalman Malam kawai. Na ji ya tashi, ya zagaya ni a hankali da sandarsa, ya ƙwanƙwasa taya, ya tambaya ko wannan ne keken mutuncin. Na ce shi ne aka samu. Ya tambaya daga ina na hau shi, na ce daga Kano. Wani cikin dattawan ya yi salati. Malam ya ce in ɗago mu yi magana. Na ce ba zan iya ba.

Sai Malam ya juya wajen mutanensa.

"Shekara ashirin ina wa yaron nan nasiha ya rusuna, ban samu ba. Ga ƙarfen Nasara ya yi a kwana uku." Ya buga sandar a ƙasa. "Malam Sale, gobe ma ta nan za ka bi, da jibi. Zan gaya wa manaja ya ɗauke ka. Amma duk ranar da na ji an taɓa kan keken nan, ni da kaina zan je in ce ya kore ka."

Dattawa biyu ne suka ciro ni daga kan keken, suka kai ni gida a lanƙwashe kamar lauje. Mai ɗakina ta dube ni, ta dubi keken, ta ce ina za a ɗora buhun masara. Ba ta jira amsa ba ta tafi dafa ruwan zafi.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa mai shayin Kura da tabarmarsa, da Ustaz na Kwanar Ɗangora, wanda na tsine wa tun daga Tudun Wada har Ƙofar Doka, yanzu na janye. Alhaji Garba kuma, in wannan ta isa Kano, ya sani ƙararrawarsa ta faɗi tun a Tashar Yari. Ina fita Shika kowace safiya, ina wuce ƙofar Malam ina gaishe shi a duƙe, shi kuma yana amsawa da ƙarfi don maƙwabta su ji.